Majigi a Ɗakin da Ba a Rufe Taga

Idon gilashin na fara gani. Ina dawowa daga kasuwa da rana tsaka, kwanon tattasai a kaina, sababbin littattafai biyu a ƙarƙashin mayafi, sai wani abu ya ƙyalla mini daga cikin shagon mai gyaran rediyo da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Na ja na tsaya. Majigi ne ɗan ƙarami, launin madara, yana zaune cikin akwatinsa mai jan ƙyalle, rana ta faɗa a kan idonsa. A nan tsaye, kafin in sauke kwanon, na riga na gama tsara yadda zan warkar da mijina.

A Kafanchan ne, cikin daminar 1988, shekara guda da 'yan watanni bayan tashin hankalin da ya auka wa garin.

Maigidana mai majigi ne. Kafin abin ya faru, ofishinsu na wayar da kan manoma yakan ba shi mota da janareto, ya bi ƙauyuka har Fadan Kaje da Samaru Kataf, ya kafa farin allo a fili ya nuna wa mutane yadda ake haƙa masai da yadda ake yi wa shanu allura. A irin wannan taro na fara ganinsa. Kowa na kallon allo, ni ina kallon hannunsa a kan na'ura. Ina da shekara goma sha takwas, kaina cike da littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano. A cikinsu kowace cuta tana da magani, kuma maganin kullum a hannun mace yake.

Ranar da gari ya rikice yana kan hanyar dawowa daga ƙauye. Aka tare motar aka ƙone ta da majigin da komai. Su wane ne, ban sani ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, kuma a wannan mako kowane ɓangare ya yi kukan nasa. Wanda ya cece shi, wannan tsoho ne mai gyaran rediyo, Kirista, dattijon majami'arsu, wanda yakan gyara masa lasifika. Ya ja shi cikin ɗakin da yake tara citta a bayan gidansa, ya jibga masa buhuna, ya kulle ƙofa ta waje. Ɗakin ba taga. Kwana uku ya yi a ciki.

Ya dawo mini ba ko ƙwarzane a jikinsa. Amma tun daga ranar ba ya zama inda aka rufe. Tagogin ɗakinmu biyu ya ɗaure su a buɗe da waya. Ƙofa ya tokare ta da dutse. Fitila ba ta mutuwa a ɗakinmu, kananzir ya fi abinci muhimmanci a gidan. Ƙanshin citta kuwa, a garin da kowa ke shanya ta a ƙofar gida, yana sa shi amai. Aiki ya gagara, tunda aikinsa na duhu ne. Yakan wuni a kan benci a shagon kawunsa, ba ya saye ba ya sayarwa, in an gaishe shi ya amsa.

Yayansa da ke Mararaban Rido ya zo ya gan shi, ya kira ni gefe.

"Amarya, kin yi ƙoƙari," ya ce. "Amma in kaka ta yi bai dawo daidai ba, zan tafi da shi wurina. Ke kuma yarinya ce, ki koma gidanku."

Na ce to, don ba a yi wa yayan miji musu. A raina kuwa na ce ba inda za shi. Saura wata biyu kaka ta yi lokacin da gilashin nan ya ƙyalla mini.

Na yi sallama a shagon. Tsohon ya ɗago daga kan wata rediyo da ya farke cikinta, ya tura tabarau goshi. Hausarsa irin ta mutanenmu na nan ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Amarya, kai ne? Shigo, rana ya yi zafi. Yaya ɗana?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ƙarya ka ke yi. Jiya na hango shi, ya tsallake titi don kada mu gamu." Ya faɗi haka ba da fushi ba. "Ba komai. In ya ji muryana, ƙarar kwaɗon ƙofa yake ji. Ubangiji ya sani."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ina son majigi a ɗakinmu. In hannunsa ya sake taɓa na'ura, zai tuna ko shi wane ne. Akwai fayafan fim uku a ƙarƙashin gadonmu, tsofaffin da ofis ya yar ya tsince su.

Baba ya dube ni. Sai ya tambayi girman ɗakin. Na ce taku biyar a tsaye, huɗu a kwance. Ya tambayi inda tagogi suke. Na ce ɗaya gabas, ɗaya yamma, ga ƙofa a kudu. Ya tambayi launin bango. Na ce da alfahari, fari fat, ni na shafe shi da farar ƙasa da hannuna.

"Wato ka gina gidan rana," ya ce, "yanzu ka na so ka kai kyandir a ciki."

Ya tashi ya janyo wani abu daga ƙarƙashin tebur. Majigi ne shi ma, amma ƙato, baƙi, fentinsa duk ya ɓare, da dogon hanci kamar bututun injin niƙa. Ya ce na majami'arsu ne, tun na Turawan mishan, an daina amfani da shi. Ƙwan fitilarsa mai ƙarfi ne, an yi shi don fili. A ƙaramin ɗaki hotonsa ba zai wuce faɗin tire ba, amma duk hasken zai taru a wuri ɗaya, ana iya gani ko da azahar.

"Ɗauka, kyauta. Ba wanda zai tambaya."

"Wancan fa, Baba?" Na nuna mai launin madara.

"Wancan na falon Bature ne mai labule uku. Hotonsa babba, zai cika maka bango. Amma ƙwansa ba ƙarfi. Kunun mutum ɗaya ne ka tsinka wa mutum goma."

Na yi dariya, amma idona bai bar jan ƙyallen nan ba.

Sai ya zo kan maganar allo. Ya ɗauki tocila ya kunna, ya haska farar takarda a bakin ƙofa inda rana take. Da ƙyar na ga wani ɗan rawaya. Ya haska kan wani kwali mai launin toka. Da'irar ta fito, ba sosai ba, amma tana da gefe.

"Ka ji ni da kyau, amarya. Majigi bai iya yin baƙi ba. Haske kawai ya ke jefawa. Baƙin da ka ke gani a hoto, duhun wurin ne. In ɗaki ba duhu, dole bango ya ba da nasa." Ya ce in daka gawayi in tankaɗe, in zuba kaɗan-kaɗan cikin farar ƙasa har ta yi launin toka, in shafa daidai faɗin tire a gefen tagar yamma. Da la'asar hasken da ke shigowa ta taga ba ya juyowa ya bugi bangon da ya shigo ta cikinsa. "Hoto ƙarami, bango toka. Kuma ka ji wannan." Ya ɗaga yatsa. "Kada ka taɓa masa taga. Ko fasto ya ce ka rufe, ko liman ya ce ka rufe, kada ka rufe."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, kowace kalma, shi ya sa nake iya maimaita su yau. Amma a hanyar gida na yi ta auna abin a raina, baƙin ƙarfe mai hancin injin niƙa da tabon toka a bangon da na sha wahalar farantawa, sai na ga ba haka ake warkar da masoyi ba. A littattafaina ba wanda ya taɓa dawowa hayyacinsa a gaban hoto mai faɗin tire. Akwai labule fari yana kaɗawa, akwai ƙanshi, sai ta kama hannunsa, sai hawaye, sai ya kira sunanta. Ni ma abin da nake so ke nan, babba, daga bango zuwa bango.

Na sayar da keken ɗinkina na koma na ce mai launin madara nake so. Baba ya ƙi, ya sake ƙi, har na yi masa kuka. Ya ce, "Kai da taurin kai kamar akuyan mishan," ya rufe akwatin ya miƙo mini.

Daga nan na wuce layin 'yan yadi. Na duba farare iri-iri, na zaɓi wanda ya fi kowanne fari da kauri, alawayyo. Na ce a yanka mini yadi shida. Mai yadin, wani dattijo abokin mahaifina, ya ajiye almakashi ya sauke murya.

"Inna lillahi. 'Yata, wa aka rasa? Namiji ne ko mace?"

"Ba kowa, Baba Alhaji. Labule zan yi."

"Labule da alawayyo?"

"E."

Ya daɗe yana kallona. Ya auna ya yanka bai ja ciniki ba, yadda ake yi wa mai sayen likkafani, ya naɗe ya ba ni da hannu biyu. "Allah ya sa labulen ne," ya ce. Gabana ya faɗi, amma kafin in fita daga kasuwa na riga na mai da abin wani babi na labarinmu, irin tsoron da ake ba mai karatu kafin daɗi ya zo.

Na raba yadin biyu na haɗa shi da allura, na yi kalmasa sama da ƙasa na zura gora. Na rataye shi a bangon gabas, don shi ya fi faɗi kuma shi gado ke kallo, har ya rufe rabin tagar wurin. A cikin fayafan uku na ɓoye na shanyar citta a gidan maƙwabciya. Na haƙa masai ban ko duba shi ba. Na zaɓi na allurar shanu, don na tuna akwai wurin da wata budurwa ke tsallake rafi da garke, sama ta yi ja a bayanta.

Ranar Laraba ce. Masu wutar lantarki ba su ɗauke ta ba tun safe. Bayan maigida ya fita, Baba ya zo ya zura mini faifan. Da ya ga ƙyallen ya tsaya a bakin ƙofa.

"Nan rana zai faɗa da la'asar," ya ce.

"Zai yi, Baba."

"Ba zai yi ba. Amma in bai yi ba, ka bar shi haka." Ya ɗauki hularsa ya fita ta bayan gida don kada su haɗu.

Na yi wanka, na sa atamfar aurena, na turara ɗaki. Da la'asar na ji takunsa.

Ya shigo ya ga na'urar a kan tebur. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwansa a baya, kamar mai tsoron ta cije shi. Can sai ya sunkuya.

"Wa ya zura miki wannan?"

"Wani ne."

"Ya matse shi a sama. Haka zai tsinke." Yatsunsa suka shiga, ya saki faifan ya yi masa ɗan lanƙwasa, ya hure ƙofar gilashin, ya goge idon da gefen rigarsa. Na fi shekara ban ga hannun nan yana aiki ba. "Uwargida," ya ce, sunan da yake tsokanata da shi tun ina amarya, "kin shiga sana'ata ba sallama."

Ya kunna. Na'urar ta fara juyawa, kar-kar-kar, irin ƙarar da na sani tun ranar da na fara ganinsa.

Hoton ya cika ƙyallen daga gefe zuwa gefe, kamar yadda nake so, sai dai kusan ba komai a ciki. Rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan alawayyon. Shanun suka zama kamar tabon ruwa a zanin gado. Mai allurar, farar rigarsa ta ɓace, sai kai da hannu na yawo.

Na ji kamar in nutse. Shi kuwa ya zauna a bakin gado ya dafa gwiwa.

"Ga bijimin nan mai karyayyen ƙaho," ya ce. "Yanzu zai harbi mai riƙon. Duba, duba. A Fadan Kaje sai da aka sa na maimaita wurin nan sau uku."

"Ai ba a ganin komai."

"Ina ganinsu. Na san su."

Yana murmushi. Na rubuta wannan ne don kada in ruɗi kaina. Mijina yana zaune a ɗakinsa, tagogi a buɗe, yana murmushi yana ba ni labarin Fadan Kaje. Abin da na sayar da kekena dominsa ya riga ya samu. Ni ce ban gan shi ba, don bai zo da kamar da nake jira ba. Na san wurin budurwar nan ya kusa, jan sama da rafi, kuma a nan ne na tsara zan kama hannunsa. Na ce a raina minti ɗaya kawai. Ina nan kusa da shi, ga muryata, ga turarena. Wancan duhu na ƙiyayya ne, nawa na ƙauna ne, zai gane bambanci.

Na tashi a hankali, hankalinsa na kan shanu. Na kwance wayar tagar yamma na ja murfin. Na miƙa hannu bayan ƙyalle na kwance wayar tagar gabas na ja nata murfin. Na ture dutsen da ƙafa. Ƙofar ta tafi da kanta, sakata ta faɗa, ƙaras.

Hoton ya fito. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, kuma har yau ina jin kunyar faɗin haka. Ciyawa shar, ruwa na walƙiya a ƙafafun shanu, budurwar da ƙwarya a ka, sama ja wur a bayanta. Na miƙa hannu gefena.

Ba kowa a bakin gadon.

Bai yi ihu ba. Na same shi a ƙarƙashin gado, can ƙurya, ya cusa kansa tsakanin akwatina da bango, ya toshe bakinsa da hannu biyu. Na buɗe tagogi, na buɗe ƙofa, na kashe na'ura, na kwanta a ƙasa ina kiransa. Ya cire hannu ɗaya ya ce a hankali, "Kada ki yi tari. Suna waje." Wandonsa ya jiƙe. Atamfar aurena ta sha fitsarin a inda na kwanta.

Na ruga shagon Baba ba mayafi. Ya zo da gudu irin na tsofaffi, ya durƙusa ya ce, "Ɗana, ni ne, an buɗe." Jin muryarsa sai jikin maigida ya ɗauki rawa har gadon na motsi. Baba ya ja da baya ya fita tsakar gida ya tsaya yana addu'a cikin yarensu. Maƙwabta maza biyu ne suka ɗaga gadon daga kansa suka fitar da maigida tsakar gida. Da ya ga sama a bisa kansa, sai ya miƙe ya bi bango ya fita ya zauna a gindin mangwaro.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya dubi wayar da na kwance tana lilo a jikin taga, ya dube ni, ya naɗe igiyar na'urar ya sa a akwati ya rufe.

Maigida bai sake shiga ɗakin ba. A gindin mangwaron yake kwana, in ruwa ya sauko ya koma rumfar awaki, wadda ba ta da bango. Ina kai masa abinci ya karɓa ya yi godiya kamar baƙo. Idan na miƙe tsaye kusa da shi, idonsa na kan hannuwana. Yayansa bai jira kaka ba. Bayan kwana tara ya zo da mota a-kori-kura, don mota mai rufi ba za ta yiwu ba, suka zauna a baya su biyu. Bayan wata huɗu takarda ta zo da kyakkyawan rubutunsa. Saki ɗaya. A ƙasa ya ƙara layi guda, ya ce na'urar tana son mai a ƙafar baya, kada a bar ta ta yi tsatsa.

Na mayar wa Baba majigin. Alawayyon na wanke na ninke na sa a ƙasan akwati. Bayan shekara huɗu aka sake wani tashin hankali a wajen su Samaru Kataf, mata suka bi gida-gida suna neman farin yadi. Na warware ɗinkin na ba su. Ban tambayi wa aka sa a ciki ba.

Na sake aure, na haihu, na daina sayen littattafan na wani lokaci, sannan na koma saye. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ina hanyar Kaduna ganin likitan ido, motarmu ta tsaya a Mararaban Rido shan mai. Sai na gan shi a bakin titi. Ya yi furfura, ya rame, yana zaune a kan buhu a tsakiyar rana, ba rumfa ba laima, duk da cewa na kusa da shi kowa da tasa. A gabansa tire ne cike da tocila da batir da lagwani da gilashin fitila.

Na sauka na gaishe shi. Ya gane ni nan take. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi Baba, na ce Baba ya rasu bara, an yi jana'izarsa a majami'a, har 'yan layin yadi sun je. Wani mai sayar da rake a gefe ya gaya mini kafin in koma mota cewa a nan yake kwana, ƙarƙashin fitilar gidan man, yayansa ya gina masa ɗaki ya ƙi shiga.

Na ce zan sayi tocila. Ya zaɓo ɗaya, ya sa batir, ya kunna ya haska a kan buhun da yake zaune a kai, ya duba da'irar, ya juya kan tocilar kaɗan har gefenta ya fito.

"Wannan tana da kyau, uwargida," ya ce.

Direba ya yi ta danna oda. Na koma mota. Da muka tashi na waiwaya, ya riga ya juya yana yi wa wani ɗan acaɓa gwajin batir.